Ƙanena zai tafi Japan koyon yare a watan Afrilu, me ya kamata ya sani kafin ya sauka?

Baban Ummi, Agege:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ƙanena ya samu gurbi a wata makarantar koyon Japananci a Tokyo, zai shiga ajin Afrilu. Takardar amincewa daga hukumar shige da ficensu ta iso, saura biza. Shekararsa 23, a baƙaƙen rubutunsu ya haddace kashin da ake kira hiragana amma ɗaya kashin, katakana, tana ba shi wuya. Me zai fara yi idan ya sauka? Me za mu zuba masa a jaka? Yaya batun abinci da salla? Sannan ejen ya ce aikin wucin gadi zai biya masa kuɗin makaranta da haya, da gaske ne? Masu sani a taimaka, Allah ya ba da lada.

Alhaji Na-Ladipo:

Wa alaikumus salam Malam Baban Ummi. Allah ya sa alheri. Ku fara duba kwanan watan da ke jikin takardar amincewar, domin wata 3 ne rayuwarta, dole ya shiga ƙasar kafin su cika. Babu jirgin da ke tashi daga Ikeja kai tsaye zuwa Tokyo, sai ta Addis Ababa, Doha, Dubai ko Istanbul, don haka kada a bar tikiti sai kwana ya ƙure.

Idan ya sauka a Narita ko Haneda, a nan take za a ba shi katin zama, zairyu kado. Kafin ya bar gaban jami'in ya miƙa fom ɗin neman izinin aikin wucin gadi, makaranta kan turo shi tare da sauran takardu. A filin jirgi minti kaɗan ne a buga masa hatimi a bayan katin. Wanda ya wuce bai yi ba sai ya je ofishin shige da fice na Shinagawa ya bi layi, sannan ya jira makonni. Katin nan kuma ba na ajiya a akwati ba ne. Ko shagon bakin layi zai je ya kasance a aljihunsa, tarar rashin ɗaukarsa tana kaiwa yen 200,000.

Cikin kwana 14 da samun masauki ya je ofishin ƙaramar hukumar unguwarsa, kuyakusho, a rubuta adireshinsa a bayan katin. A zama ɗaya ya gama abu uku: rajistar adireshi, shiga inshorar lafiya ta ƙasa, da batun fansho. Da inshorar kashi 30 cikin 100 kawai zai riƙa biya a asibiti. Ya cike takardar da ke nuna bai samu kuɗin shiga a Japan bara ba, in ba haka ba za su lissafa masa cikakken kuɗi. Fansho kuwa duk wanda ya kai shekara 20 yana ciki, ya haura yen 17,000 a wata, amma ana neman a ɗauke wa marar ƙarfi. Nema ake yi da hannu, shiru ba ya ɗauke shi, tara bashi kawai yake yi.

Sai layin waya, sai banki. A nan ake kai-komo: banki na son lambar waya, kamfanin waya na son asusun banki. Mafita ita ce layin da ake biya a konbini, ƙananan shagunan unguwa da ke buɗe dare da rana, wanda makarantu sukan san masu sayarwa. Bankin gidan waya, Yucho, shi ne ya fi karɓar baƙon da bai kai wata 6 ba. Yadda aka rubuta sunansa da katakana ranar farko, ya ɗauki hotonsa ya riƙe shi kamar lambar NIN. Idan banki ya rubuta Abudurahi, wurin aiki ya rubuta Abudurrahi, albashi na iya komawa inda ya fito. Ya kuma manna sunansa a akwatin wasiƙun gida, duk muhimmiyar takarda ta gidan waya take zuwa.

Ya tafi da dala ko yen a hannu, babu mai canjin naira a can.

Malama Maman Sadiƙ, Obalende:

Alhaji ya gama da takardu, bari in ɗauki yaren. Yaya Baban Ummi, ka gaya masa ya ajiye komai ya gama katakana kafin ya hau jirgi. Baƙaƙe 46 ne kamar hiragana, kwana 10 ya isa idan yana rubuta biyar kullum da hannu. Da ita ake rubuta sunansa, da ita ake rubuta kalmomin aro a jikin kayan abinci. Waɗanda ke rikita kowa su ne シ (shi) da ツ (tsu), sai ソ (so) da ン (n). Bambancinsu yana inda alƙalami ya faro: shi da n daga ƙasa ake jan dogon layin zuwa sama, tsu da so daga sama zuwa ƙasa.

Bahaushe yana da gata a wannan yare da mai Turanci ba shi da shi, sai dai yawanci ba a gaya masa. Wasulansu biyar ne, a i u e o, irin namu. Suna bambance gajeren wasali da dogo kamar yadda muke bambance garin Kano da garin tuwo: obasan goggo ce, obaasan kaka. Suna ninka baƙi kamar mu: kite zo, kitte kan sarki na wasiƙa. Har karin sauti suna da shi, hashi na iya zama gada ko tsinken cin abinci. Inda zai kula shi ne tsu, kada ya ɗaure maƙogwaro kamar a tsuntsu, sakinta ake yi a hankali. Aikatau kuma a ƙarshen jimla yake zuwa, da e da a'a duk a wutsiya suke, wanda ya katse mai magana a tsakiya bai ji komai ba.

Lissafin kuɗi ne ke kayar da mutane. Ba sa ƙirga da dubu-dubu, da dubu goma suke ƙirgawa, man. Go-man 50,000 ne, juu-man 100,000, hyaku-man miliyan ɗaya. Ya yi ta maimaita wannan har ya zama kamar ƙirgen canji a danfo. Shekara ma a takardun hukuma ta zamanin sarki ce: Reiwa 1 ita ce 2019, sai ka cire 2018 daga shekarar miladiyya ka samu ta Reiwa. Shekara ake fara rubutawa, sai wata, sai rana.

Abin da ake koyarwa a aji da abin da mai shago ke faɗa ba ɗaya ba ne. A konbini tambaya uku ce kusan kullum: kana son leda, fukuro, wadda ake biya tun Yulin 2020, a ɗumama maka abincin, atatamemasu ka, kana da katin maki. Amsar e ita ce onegai shimasu. Daijoubu desu a nan tana nufin a'a, na gode, ko da yake ma'anarta ta asali ba komai. Idan kuma ya roƙi abu aka ja numfashi aka ce chotto, aka yi shiru, an hana shi ke nan. Kada ya ci gaba da ciniki kamar a Mile 12, takura mutumin kawai zai yi. Jimlar da ta fi kowace amfani a ofis da asibiti ita ce yasashii nihongo de onegai shimasu, wato a yi mini da sauƙaƙƙen Japananci. Ya tsaya a salon magana na ladabi, wanda jimla ke ƙarewa da "desu" ko "masu", da kowa har sai an saba. Japanancin zane-zanen anime idan ya yi wa malami ko mai gida, daidai yake da yaro ya ce wa dattijo kai.

Jarrabawar gwada ƙwarewa a Japananci, JLPT, sau biyu ce a shekara, Lahadin farko ta Yuli da ta Disamba, daga matakin N5 na 'yan koyo zuwa N1 na ƙwararru. Yawancin kwalejoji da kamfanoni N2 suke nema, kuma bizar makarantar yare ba ta wuce shekara 2. Kanji, wato baƙaƙen da suka aro daga rubutun Sin, na yau da kullum 2,136 ne, N2 na son kusan rabinsu. Uku zuwa biyar a rana, cikin kalma ba a ware ba, tare da bita kullum a manhaja irin Anki. Ya tambayi ofishin unguwa ajin 'yan sa kai, ana yi da yamma ko ƙarshen mako, kyauta ko da 'yan kuɗi kaɗan, a nan ne zai samu dattijan da ke da lokacin hira.

Baban Ummi, Agege:

Allah ya saka da alheri Alhaji, Malama na gode. To jakar fa? Hajiyarmu ta riga ta sa a yi masa kilishi da dambun nama.

Ɗan Idi-Araba:

Yaya, a ci kilishin nan a gida. Nama kowane iri, busasshe ko dafaffe, doka ta hana shiga da shi, akwai karnuka masu shinshina a wurin ɗaukar kaya, hukuncin kuma ya kai tarar yen miliyan 3 ko ɗaurin shekara 3. Yaji, kuka da kuɓewa busasshiya ya nuna su a teburin binciken tsirrai, kada ya ɓoye. Maganin da likita ya rubuta na wata ɗaya kawai ake shiga da shi ba tare da takardar izini ba, maganin mura da tari kuma gara ya bar su, wasu sinadaran cikinsu an hana.

Kada ku saya masa dutsen guga, butar lantarki ko bilenda a Alaba. Wutarsu 100 ce, tamu 230, ba za su yi ƙarfi ba. Cajar waya da ta kwamfuta suna aiki, adafta mai ƙafa biyu masu faɗi kawai yake buƙata. Takalmi ya sayo a nan idan ƙafarsa babba ce, kuma mai sauƙin cirewa. Man shafawa da injin aski ma haka.

Abinci: ya haddace 豚肉 naman alade, ラード kitsensa, ポークエキス ruwansa, ゼラチン jelatin, 酒 giya, みりん mirin, wata giyar girki mai zaƙi. Matsalar ba naman da ido ke gani ba ce, romo ne. Miyar ramen, dunƙulen kori, har wasu burodi da cincin na leda suna ɗauke da su. Mafi sauƙi girki a gida. Gyomu Super na sayar da daskararriyar kaza mai tambarin halal da araha, unguwar Shin-Okubo kuma akwai shagunan halal jere.

Alƙibla a can ba gabas ba ce, yamma ce ta ɗan karkata arewa. Lokuta ma suna tafiya sosai: a Yuni alfijir na ketowa kafin ƙarfe 3 na dare, a Disamba magariba wajen 4:30. Juma'a ranar aji ce, tun ranar gwajin rabon aji ya roƙi na safe. Akwai Tokyo Camii a Yoyogi-Uehara, akwai masallacin Otsuka.

Sai shara, wadda ita ce ke haɗa baƙo da maƙwabta. Ba irin ta LAWMA ba ce da za a haɗa komai a buhu ɗaya. Mai ƙonewa daban, marar ƙonewa daban, kwalba, gwangwani da gorar roba daban, kowace da ranarta, a fitar da safe kafin ƙarfe 8 a rufe da raga saboda hankaki. Wadda aka cakuɗa za a manna mata takarda a bar ta nan kowa ya gani. Katifa ko kujera sai an kira an sa rana an sayi sitika. Man suya ba a zuba shi a magudana. Ku ma nan ku kula: suna gabanmu da awa 8, ƙarfe 4 na yamma a Agege sha biyun dare ne a Tokyo, bangon ɗakunansu kuma siriri ne. Ku riƙa kiransa da safenku.

Idan ya sayi keke a yi masa rajista da sunansa, ya riƙe takardar, 'yan sanda na tsayar da masu keke su duba lamba. Ba a goyo, ba a riƙe waya. 110 'yan sanda, 119 motar asibiti da kashe gobara.

Alhaji Na-Ladipo:

Na manta maganar ejen, bari mu yi lissafi. Izinin ɗalibi awa 28 ne a mako, duk ayyukansa a haɗe, sai a dogon hutun makaranta ya kai awa 8 a rana. Mafi ƙarancin albashi a Tokyo daga Oktoban 2025 yen 1,226 ne a awa. Idan ya cika awoyinsa kaf, wajen yen 137,000 ke nan a mako huɗu. Kuɗin makaranta a shekara yakan kai 700,000 zuwa 800,000, wato wajen 60,000 a wata. Cire haya, abinci, jirgin ƙasa, wuta, gas, waya da inshora, ka ga abin da ya rage. Kuma mai N5 ba ya samun cikakkun awoyi a watannin farko, sai wankin kwano, haɗa abincin leda ko rarraba kaya a sito. Aikin zai riƙe masa ci da haya, kuɗin makarantar shekara ta biyu ku tanade shi daga nan.

Wanda ya zarce awa 28 ba ya ɓuya, takardar harajinsa ce ke tona shi ranar sabunta biza. Mashaya, gidan rawa da gidan pachinko (wasan inji mai kama da caca) an hana ɗalibi ko da shara ce. Halartar aji kuma ita ce jarinsa: ya riƙe sama da kashi 90, ƙasa da 80 sabuntawa na wahala, kuma makarantu da yawa suna tara latti su mayar da shi fashi. Aikin dare da ajin safe ba sa haɗuwa.

Haya ya zauna a ɗakin makaranta wata shida na farko. Kama gida a can kamar ejen da agirimen ɗin Legas ne: kuɗin ajiya shikikin, kuɗin godiya reikin da ba ya dawowa, la'adar dillali, kamfanin da ke tsaya wa ɗan haya, canjin makulli, jimilla hayar wata huɗu zuwa shida, ɗakin kuma fanko.

Malama Maman Sadiƙ, Obalende:

Ƙari kaɗan a kan na Alhaji. Idan ejen ya kawo zancen biza ta musamman da aka ce za a ba 'yan Najeriya su zauna a garin Kisarazu na Japan, babu ita. Gwamnatin Japan ta musanta tun a Agustan 2025, JICA kuma, hukumarsu ta tallafa wa ƙasashen waje, ta janye shirin ƙawancen garin da Najeriya a Satumba. Sannan duk wanda ya ce ya ara masa asusun banki ko layin waya a biya shi, ya ƙi, laifi ne da ke kai mutum kotu. Ranar da zai zo hutu gida kuma, ya nuna katin zamansa a filin jirgi ya yi alama a gurbin da ke cewa zai dawo. Idan ya fita bai yi ba, bizar ta mutu, sai sabon nema daga Abuja.