Diyyar ma'aikacin da 'yan fashi suka raunata a bakin aiki

Ɗan Sabon Gari:
Assalamu alaikum. Ƙanena mai gadi ne a wani gidan mai, kuma a watan jiya 'yan fashi suka sare shi da adda a hannun dama, har yanzu ko cokali ba ya iya riƙewa. Maigidansa kuɗin ɗinki kawai ya biya. Shin doka ta ba shi wani haƙƙi?

Tsohon Akawu:
Wa alaikumus salam, Allah ya ba shi lafiya. Dokar diyyar ma'aikata ta Najeriya ta 2010 ta wajabta wa masu ɗaukar ma'aikata su zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi a asusun NSITF, wato hukumar inshorar ma'aikata ta gwamnatin tarayya, kuma daga nan ake biyan wanda ya ji rauni a bakin aiki. Sai ƙanenka ya shigar da buƙatarsa kafin shekara ta cika da jin raunin, tare da takardar likita da rahoton 'yan sanda.

Uwar Marayu:
Idan an kama ɓarayin kuma aka same su da laifi, alƙali na iya umartar su biya diyya, sai dai a ganina kada ku dogara da wannan, domin da wuya a samu abin karɓa a hannunsu. Malam, ka fara bincika ko gidan man ya yi rajista da asusun.