Shin Ɗan Kama Mawaƙi Ne? Muhawara a Kan Weird Al Yankovic

Malamin Adabi: Jama'a, assalamu alaikum. A ganina Weird Al Yankovic, Ba'amurken nan da aka haifa a Kalifoniya a 1959, bai cancanci a kira shi mawaƙi ba, duk da lambobin yabon waƙa na Grammy 5 da ya tara. Ɗan kama ne kawai, wanda yake jira wani ya sha wahalar tsara kiɗa, waƙar ta karɓu, sannan ya cire baitocinta ya zuba zancen ciye-ciye. Abin da ya yi wa Michael Jackson ke nan a 1984, ya mai da "Beat It" ta koma "Eat It". Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Makaɗi: Wa alaikumus salam. Malam, Allah ya gafarta maka, da ka taɓa gwada ɗora sababbin kalmomi a kan karin da wani ya riga ya yanka, da ba ka ce aikin banza ba ne. Dole kowace gaɓa ta faɗi inda ta asali ta faɗi, amsa-amo ya zauna daram, kuma abin ya ba da dariya, alhali mai waƙar farko yana da damar lanƙwasa kiɗan ya bi maganarsa. Ban da wannan, kusan rabin waƙoƙin da ke cikin faya-fayansa shi ya tsara kiɗansu da baitocinsu, salon wasu mawaƙa kawai yake kwaikwaya. Tun yana ɗan shekara 7 yake koyon akodiyon, abin kiɗan nan mai zugazugi da ake matsawa a ƙirji, kuma mai buga masa ganga yana tare da shi tun 1980.

Hajiya Lauya: Malam, karin maganarka bai hau ba, domin a nan kura ma tana samun kasonta: duk wanda ya tsara kiɗan asali ana ba shi rabo daga kuɗin da sabuwar waƙar ta kawo. Haka nan sananniyar al'adarsa ce ba ya saka waƙa a faifai sai ya nemi izinin mai ita. Prince ya sha hana shi, ya haƙura. Paul McCartney ma ya ƙi yarda da wata saboda ta shafi naman kaza, shi kuwa ba ya cin nama, aka bar ta ba a saka a faifai ba. Ya ci gaba da neman izinin ko bayan da Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a 1994, a shari'ar ƙungiyar 2 Live Crew, cewa waƙar kwaikwayo tana iya samun kariyar doka ko da an sayar da ita.

Malamin Adabi: Hajiya, ranki ya daɗe, kin fi ni sanin cewa kariyar ta fi ƙarfi ne idan waƙar tana sukar ta asali, shi kuwa yawanci aron kiɗan yake yi ya tafi wani zance dabam. Ashe neman izinin nasa akwai gudun shari'a a ciki, ba ladabi zalla ba ne. Kada kuma mu manta da mawaƙi Coolio, wanda ya fito fili a 1996 ya ce bai amince da "Amish Paradise" ba, wato kwaikwayon da Yankovic ya yi wa waƙarsa "Gangsta's Paradise".

Hajiya Lauya: Na farkon na sallama maka, Malam. Amma Coolio da ka kawo hujjata ce. Yankovic ya ce kamfanin faifansa ne ya shaida masa an amince, ya kuma ba da haƙuri, daga baya Coolio ya yi nadamar fushin nasa. Abin da ya fi wannan, waƙar da yake kishi an gina ta ne a kan kiɗan Stevie Wonder na 1976. Idan aron kiɗa yana kore mutum daga sahun mawaƙa, to tare za su fita.

Ɗan Jarida: Malam, ba duka ne aron kiɗa kawai ba. Wadda ya yi wa ƙungiyar mawaƙa ta Nirvana a 1992 ba'a ce kai tsaye a kan yadda ba a gane abin da mawaƙinsu yake faɗa. Ni daɗewar Yankovic ce ta fi ɗaure mini kai. Yana ɗalibin zanen gine-gine ya naɗi waƙa a banɗakin jami'a a 1979, shirin rediyon Dr. Demento ya yayata ta, kuma sai a 2014 faifansa "Mandatory Fun" ya hau matsayi na 1 a jadawalin Billboard na faya-fayan da suka fi kasuwa a Amurka, abin da faifan barkwanci bai yi ba tun na Allan Sherman a 1963. Da yawa daga waɗanda ya kwaikwaya tauraronsu ya dushe tuni.

Malamin Adabi: Daɗewar ai ta samu ne domin ba a rasa sabon ɗan yayi da za a raɓa. Na yarda gwani ne wajen sarrafa harshe, amma har yanzu ina jiran wanda zai kawo mini waƙarsa ta ƙashin kansa guda ɗaya da ta yi tashe kamar na aron.

Makaɗi: Tashe dai ba ta kai ba, Malam, wannan gaskiya ne. Sai dai a 2018 ya yi rangadi a ƙananan zauruka yana rera nasa na kansa, ya ajiye shigar ban dariyar nan, kuma mutane suka biya kuɗi suka shiga, har ya maimaita a 2022.