Ina son cire famfon sitiyari daga tsohuwar Peugeot 505, me kuke gani?

Ɗan Ader ya rubuta:

Assalamu alaikum, jama'a. Ina zaune a Tawa, kuma ina da Peugeot 505 da na gada daga wajen mahaifina, Allah ya jiƙansa. Injinta lafiya lau yake, amma sitiyarinta, irin mai aiki da famfo da mai, ya hana ni sakat. Sau biyu ana canza mini tiyo, an kuma kwance famfon an sa sababbin robobi, duk da haka kowace safiya sai na tarar da jan mai ya ɗiga a ƙasa inda ta kwana. A tafiyata ta ƙarshe zuwa Yamai, tun kafin in kai Dogon Dutsi famfon ya fara kuka, sai da na tsaya na ƙara mai sau uku a hanya. Wani makaniki ya ce in cire bel ɗin famfon kawai in huta, wani kuma ya ce a sauya sandar haƙoran sitiyarin, wato ƙarfen da yake tura ƙafafun gaba dama da hagu, gaba ɗaya da irin ta ƙarfin hannu. Ina neman shawarar waɗanda suka san aikin, domin da wannan mota nake ɗaukar iyalina.

Tsohon Makaniki ya amsa:

Wa alaikumus salam, ɗana. Shawarar cire bel ita ce ba na so ka ɗauka, kuma ga dalili. Sandar haƙoran da aka ƙera domin aiki da famfo, lissafin haƙoranta daban yake da na wadda aka ƙera domin hannu. Ta famfo takan kai daga ƙarshen dama zuwa ƙarshen hagu da juyi uku ko kusa da haka, tunda matsin mai ne yake ɗaukar nauyin; ta hannu kuwa takan ci juyi huɗu ko fiye, kuma wannan ƙarin juyin shi ne yake sauƙaƙa wa damtse. Idan ka cire bel ka bar tsohuwar sanda, ka rasa taimakon mai, ba ka kuma sami sauƙin haƙora ba, sannan duk lokacin da ka juya sitiyari kana tura ragowar man da ke cikin silinda da ƙarfinka. Akwai kuma wani siririn ƙarfe a cikin bawul ɗin da yake raba man sitiyari, wanda yake ɗan murɗewa domin ya buɗe wa mai hanya. Idan babu matsi, wannan murɗewar takan zama wasa a hannunka, kuma nauyin da ba a yi shi dominsa ba ya koma kansa.

Sauyawa gaba ɗaya aiki ne mai yiwuwa, domin an fitar da 505 iri biyu tun da aka fara ƙera ta a 1979, masu famfo da marasa famfo, kuma an haɗa ta a Kaduna, saboda haka kayanta sun yaɗu a ƙasashenmu. Amma kada ka sayi sanda ita kaɗai. Ka nemi motar da aka kwance, a ciro maka sandar tare da guntun ƙarfen da yake haɗa ta da sitiyari, da hannuwan da suke zuwa ƙafafu, da robobin mazauninta, domin tsawon mahaɗin nan sau da yawa ba ɗaya ba ne. Abin da nake rantsar da kai a kansa shi ne, kada ka yarda a yanke wannan mahaɗi a yi masa walda don ya yi daidai. Na taɓa riƙe wanda ya tsage daidai bakin waldar, kuma mai motar ya tsira ne kawai saboda a ƙofar gida abin ya faru.

Direban Yamai ya amsa:

Baba ya gama magana a kan ƙarfe, ni kuwa ina so in yi magana a kan jiki. Na shekara da yawa ina jan tasi marar famfo a cikin Yamai, kuma a kan kwalta, da zarar mota ta ɗauki gudu, ba za ka ji wani bambanci ba. Wahalar tana wajen ajiye mota a matsattsen wuri da wajen juyawa cikin rairayi, kuma unguwannin Tawa ba su rasa rairayi ba. Malam, idan uwargida ko wani dattijo yana tuƙa motar, ka tambaye su tukuna. Idan kuma ka sauya, ka koma faɗin tayar da aka fito da motar da ita, ka riƙa duba iskar tayoyin gaba, ka kuma saba da barin mota ta ɗan motsa kafin ka murza sitiyari.

Mai Kayan Gyara ya amsa:

Ni ina ganin ba a gama neman ciwon ba tukuna. Idan an canza tiyo da robobin famfo amma mai bai daina zuba ba, a zare robar da take rufe bakin sanda a duba. Idan an sami mai a cikinta, to daga ɓangaren sandar yake fita, ba daga famfo ba. Wannan gyaran zai iya fin sauyawa sauƙi. Idan kuma za a sayi ta hannu, a kasuwar Katako ta Yamai ne ko ta Konni aka kawo ta, a juya ta da hannu daga ƙarshe zuwa ƙarshe, a tabbatar ba ta sarƙewa kuma ba ta wasa a tsakiya, inda haƙora suka fi cinyewa.

Ɗan Ader ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Da safen nan muka zare robar gefen hagu, mai ya zubo kusan rabin kofin shayi. Za mu fara da gyaran ɓangaren sandar. Baba, idan bai yi ba muka koma ta hannu, shin bel ɗin famfon ya shafi na dinamo?

Tsohon Makaniki ya amsa:

Ka buɗe gaban motar ka bi bel ɗin da ido. Idan famfon yana da nasa shi kaɗai, cire shi kawai za a yi. Idan kuwa yana tarayya da dinamo ko famfon ruwa, sai an nemo gajere wanda ya dace. Kowanne ka yi daga cikin ayyukan biyu, kada ka hau hanyar Yamai sai an daidaita ƙafafun gaba a kan ma'auni.