Mi-24V sikelin 1/48: ruwan layi na fentin mai ko na inamel, kuma yaushe ake sa baƙin hayaƙi?

Farfela48:
Assalamu alaikum jama'a. Ina kan haɗa ƙaramin samfurin roba na jirgi mai saukar ungulu Mi-24V sikelin 1/48 (an rage girmansa sau 48), irin na Sobiyet a Afganistan cikin shekarun 1980. Na gama feshin sajewa, ruwan yashi da kore a sama, shuɗi mai haske a ciki, duk da akirilik na Tamiya da aka tsinka da tinarsu X-20A. Kwana biyu ke nan da feshin. Sitika ban manna ba tukuna, gilashin matuƙi kuma yana manne, an rufe shi da tef. Tambayata biyu ce. Ruwan da zai bi layukan jiki ya fito da su, in haɗa da fentin mai na masu zane, ko in ɗauki na inamel da ake sayarwa a haɗe? Sannan baƙin hayaƙin da ke bin gefen jirgin daga bakin salansa, kafin banish na ƙarshe ake yin sa ko bayansa? Ina da X-22 (banish mai sheƙi na Tamiya) da X-21 a hannu.

Mai_Buroshi:
Wa alaikumus salam. Abu na farko, ka sa wa ƙafafun sauka ƙarfe-ƙarfe a ƙasansu, nan ne ke gogar ƙasa. Fensir mai laushi, 4B, ka goga a gefen sandunan, sai ka murza da yatsa.

Farfela48:
Malam, Mi-24 tayoyi gare shi, ba sanduna ba. Kamar Huey na Amurka, mai sauka a kan sanduna, kake nufi.

Mai_Buroshi:
Af, haka ne. To ajiye fensirin, zai yi maka amfani a matakalar shiga da hancin bindiga.

Baba_Sikeli:
Ƙanena, kafin a zo maganar mai ko inamel, kada ka ɗiga komai a kan fentin nan yadda yake. Fenti marar sheƙi in ka duba shi da madubin ƙara girma kamar sanfefa yake, ruwan layi ba zai gudu cikin layi ba, zai bazu ya kama ko'ina, kuma ba ya goguwa. Sitika ma iska za ta maƙale a ƙarƙashinta ta yi fari-fari kamar azurfa. Jerin shi ne:

X-22 kashi ɗaya, tina kashi ɗaya, ƙarfin iskar bindigar feshi PSI 15 zuwa 18, shafi biyu siriri sannan ɗaya mai ɗan jiƙa. Bar shi awa 24. Manna sitika da ruwan kwantar da sitika, Micro Set a ƙasa, Micro Sol a sama, kada ka taɓa ta lokacin da ta yamutse, za ta kwanta da kanta. Kashegari wani siririn X-22 a kan sitikar don ruwan layi kada ya taru a gefenta ya zana mata iyaka. Sai ruwan layi.

Ni dai fentin mai zan ce. Matso ɗan kaɗan, launin ƙasa mai duhu, a kan kwali, ka bar shi minti 20 kwalin ya tsotse man da ya yi yawa, in ba haka ba zai yi sheƙi kuma ya ƙi bushewa. Kamar ƙwayar shinkafa biyu cikin mililita 5 na tinar fentin mai marar wari. Taɓa bakin buroshi a layi, shi zai gudu da kansa. Bayan minti 20 zuwa 30 ka goge da tsinken auduga busasshe, daga sama zuwa ƙasa. Baƙi zalla kada ka sa a kan ruwan yashi, yana mai da jirgi kamar an zana shi da biro. A cikin shuɗin, toka-toka.

Tina_X20:
Awa 24 ta yi kaɗan Baba. Akirilik yana bushewa a sama da wuri, amma bai ƙanƙame ba. Awa 48 ko fiye, in kuma hanci na jin warin fenti to da saura. Kuma kashi ɗaya da ɗaya ya yi kauri, yana fitar da fata irin ta ɓawon lemo. X-22 ɗaya, tina biyu, da Mr. Color Leveling Thinner, shi ke kwanciya sumul.

Baba_Sikeli:
Tinar nan zafi gare ta. Wanda hannunsa bai faɗa ba ya jiƙa da yawa, sai ta narkar da fentin ƙasa, koren ya shiga cikin ruwan yashi. Bai ce mana ya taɓa aiki da ita ba.

Kunkunniya:
Ku bar maganar layi, duk ba nan ake asara ba. Banish na ƙarshe shi ke kashe jirgi. Na gwangwani, marar sheƙi, aka fesa ranar da iska ke da laima: cikin minti biyar jirgi duka ya yi fari kamar an barbaɗa masa gari. Dalili, tinar da ke ciki tana tashi da sauri, fuskar ta yi sanyi, danshin iska ya sauka ya maƙale cikin banish ɗin. Haka in an fesa daga nesa, ya bushe a iska kafin ya sauka. Haka in ba a girgiza gwangwanin sosai ba, garin da ke kashe sheƙi ya fito a dunƙule. Hanya uku, sakamako ɗaya. Aikin wata biyu ya tafi. Kuma abin haushi, a cikin layukan da gefen kowane ƙullutu ne farin ya fi taruwa, daidai inda aka sha wahala.

Bai tsaya nan ba. Tef ɗin gilashi da ya kwana uku ko huɗu ba komai, amma wanda ya yi sati uku ƙarƙashin shafi shida na fenti da banish, in ka ja shi sai ya taho da fentin firam ɗin, ya bar gam a kan gilashi. Ka sa tina ka goge gam, gilashi ya dushe har abada, domin robar gilashi ba ta jure tina mai zafi. Gilashin Mi-24 kuwa ƙwai biyu ne manya, duk wanda ya kalli jirgin nan zai fara dubawa. Mai tambaya ya ce tef na kai tun kafin feshi. Ku lissafa masa: awa 48, sitika, wata awa 24, fentin mai kwana uku. Fiye da sati ya tafi bai sani ba.

Hajiya_Gam:
Allah ya mayar da alheri, Malam Kunkunniya, amma farin nan yana da magani sau da yawa. A fesa banish mai sheƙi a kai da ɗan jiƙa, yana cike ƙananan ramukan da ke warwatsa haske, farin ya ɓace. A bar shi ya bushe, a sake marar sheƙi a rana busasshiya, laima ƙasa da kashi 65 cikin 100, gwangwani a ɗumama shi cikin ruwa mai ɗumi-ɗumi, ba zafi ba, a girgiza minti biyu cur, nisa santimita 20. Gam ɗin tef kuma sabon tef ake dannawa a kai a ɗaga, yana kwashe shi. Kafin a cire tef a bi gefensa da sabuwar reza lamba 11, ba dannawa, nauyin wuƙar ya isa.

Farfela48, da wane gam ka manna gilashin? In sufa gulu ne, hayaƙinsa yana yin fari a ciki, musamman inda yatsa ya taɓa, ba za ka gani ba sai ka cire tef.

Farfela48:
Farin gam na ruwa na sa, Hajiya. Amma har yanzu ba a ce komai kan baƙin hayaƙin ba. Kuma X-21 ɗin, in fesa shi a matsayin na ƙarshe?

Tina_X20:
Kul! X-21 ba banish ba ne, abin haɗawa ne da ke kashe sheƙin wani fenti. Ka fesa shi shi kaɗai jirginka ya koma alli. Ko ka haɗa shi da X-22, shi kashi ɗaya, X-22 kashi huɗu, ko ka ɗauki XF-86 da ya zo a haɗe ka huta.

Mai_Buroshi:
Ɗaya da uku nake sani.

Tina_X20:
Ɗaya da uku yana bakin rami. A gwada a cokalin roba da aka fesa wa baƙi, nan fari ba ya ɓuya.

DanUngulu:
Ya fesa X-21 zalla kawai ya ce jirgin ya sauka a kan dusar ƙanƙara a tsaunukan Afganistan. Wa zai musa? 😂

Injiniya_Mil:
Bari in amsa ta hayaƙin tunda kowa ya kauce. Biyu ne, ba ɗaya ba. Na bindigar feshi kafin banish na ƙarshe, na garin launi bayansa, domin banish yana cinye gari, abin da ka sa sai ya ragu ko ya yi duhu ya dunƙule.

Na feshi: XF-1 (baƙi) da XF-64 (ruwan ƙasa mai ja) rabi da rabi, sannan haɗin kashi ɗaya, tina kashi tara. Allura milimita 0.2, iska PSI 10 zuwa 12. Shafin farko da ƙyar za ka gan shi, haka ake so. Shida zuwa takwas, kowane ya fi na baya gajarta da ƙanƙanta, ta yadda duhun zai taru kusa da bakin salansa ya dushe can baya. Bayan banish, baƙin gari kaɗan da busasshen buroshi a tsakiyar tabon kawai, shi ke ba da wannan bushewar ta kunkunniya.

Inda masu zuwa daga jiragen yaƙi masu fukafukai ke kuskure shi ne alkibla. A can iska daga gaba take, komai ya miƙe baya. Mai saukar ungulu farfelarsa tana tura iska ƙasa, kuma yana daɗewa a tsaye a sama ko a ƙasa inji na aiki, don haka hayaƙi baya da ƙasa yake bi, tsiyayar mai kuma kusan ƙasa tsaye. Sannan duba ko jirgin da kake yi yana ɗauke da akwatunan nan da aka ɗaura a bakin salansa don rage zafin da makami mai bin zafi ke gani. Da su da babu su tabon ba iri ɗaya ba ne. Hoton jirgin ne alƙali.

Man haidirolik na Sobiyet, AMG-10, ja-ja ne, in ya sha ƙura ya koma ruwan ƙasa mai duhu. Kan farfela da faifan da ke ƙarƙashinsa giris ne, baƙi da ɗan sheƙi, a sa shi bayan banish don sheƙin ya zauna. A nan fa inamel ɗin da ake sayarwa a haɗe yake da haɗari: tinarsa tana shiga inda roba ke ɗauke da nauyi ko aka matse ta, ta sa ta tsage. Kan farfela da ƙafafun taya, ɗigo kaɗan, kada a yi musu wanka.

Kunkunniya:
Duk wannan sai banish ya bar ka.

Baba_Sikeli:
Injiniya, shafi takwas a 1/48 ya yi yawa. Jiragen da ake nunawa yanzu kamar an tono su daga juji.

Injiniya_Mil:
Baba, ka duba hotunan Afganistan daga 1979 zuwa 1989, gefen wasu baƙi ƙirin ne har lambar jirgi na neman ɓacewa.

Baba_Sikeli:
Wasu. Kuma hotuna da yawa na lokacin baƙi da fari ne, ko launinsu ya juye. Wanda ya karanta hoto daban, wanda ya riƙe buroshi shekara da shekaru daban.

Hajiya_Gam:
Ku biyun kuna da gaskiya, a bar yaron ya zaɓi hoto ɗaya ya bi. Abin da na fi gani ana wuce gona da iri shi ne ɓarewar fenti. Tabon milimita ɗaya a samfurin nan kusan santimita 5 ne a jirgi na gaske. Soso a yage shi ƙanana, a riƙe da hantsaki, a dangwala a fenti a buga a takarda har ya kusa ƙarewa. Gefen ƙofofi, murfin inji da makanikai ke takawa, matakala. Shi ke nan.

DanUngulu:
Fukafukan farfela fa? Nawa a miƙe suke kamar rula.

Mai_Buroshi:
A tsaye dole su sunkuya, farfelar Mi-24 faɗinta mita 17.3, a 1/48 santimita 36 ke nan, in ta miƙe ido na kamawa nan take. Ruwan da ya tafasa aka sauke, tsoma daƙiƙa biyar, lanƙwasa, sai ruwan sanyi.

Tina_X20:
Tafasasshe zai murɗe su kamar igiya, robar nan kusa da digiri 100 take sakin jiki gaba ɗaya. Digiri 70 zuwa 75, duka biyar a ɗaure su da tef jere a kan abu ɗaya mai lanƙwasa, daƙiƙa 30, sannan ruwan sanyi suna ɗaure. In ka yi ɗaya-ɗaya da hannu ba za su zo daidai ba. Kuma kafin fenti. Gogewar fenti a gefen gaba ne, ta fi yawa wajen ƙarshen fiffike inda gudu ya fi, yashi na cinsa. A kula, na Mil, kamfanin da ya tsara Mi-24, in ka kalla daga sama yadda hannun agogo ke tafiya yake juyawa, na Bell da Sikorsky na Amurka akasin haka. An sha ganin wanda ya goge gefen baya.

Injiniya_Mil:
Ni abin da ke ci min rai ba wannan ba ne. Jikin jirgi mai saukar ungulu cike yake da ribit, wato ƙusoshin da ke haɗa fatar jirgi, masu tudu, musamman jela. Sai kamfani ya fitar da samfuri ko dai sumul babu ko ɗaya, ko ya huda ramuka a madadinsu. Ka zuba ruwan layi a ramukan nan, jela ta koma rariya. Kan ribit na milimita 5 a 1/48 kusan 0.1 ne, inuwa ce kawai da ɗan haske, ba baƙin ɗigo ba. In ramuka ne, ruwan layi ya zama launin jikin da aka ɗan duhunta, ba na layukan ba. In masu tudu ne, busasshen buroshi da launi mai haske.

Kunkunniya:
Akwai ribit na mannawa irin sitika, amma a kan shimfiɗar farko ake sa su kafin fenti, kuma tef na kwashe su.

Farfela48:
Nawa sumul ne, babu ko ɗaya, kuma na riga na yi fenti. Yanzu in kankare jelar in sa, ko in ci gaba da X-22?

Baba_Sikeli:
Ci gaba.

Injiniya_Mil:
Jelar kaɗai ce ai, giyar goge fenti da tsumma, minti goma.

Kunkunniya:
Tef ɗin gilashin kwana nawa yau?