Tsoron kora ne ke riƙe ma'aikata?

Manaja: Ni ra'ayina bai canza ba. Gaskiya, amana, mutunta juna da ake rubutawa a bangon ofis ado ne kawai. Abin da ke riƙe tawagar aiki shi ne kowa ya san in ya yi sake, hukunci na jiransa. Kamfanin Enron na Amurka ya sa gaskiya da mutunci cikin aƙidunsa, amma a 2001 ya durƙushe saboda ƙaryar lissafi.

Injiniya: Yallaɓai, Enron ba ta goyi bayanka ba. Manyan kamfanin ne suka shirya ƙaryar, babu wanda ke tambayarsu. Ka duba bankin Wells Fargo. An ɗora wa ƙananan ma'aikata adadin asusun da dole su buɗe, wanda ya gaza aikinsa na cikin haɗari. Tsoro ya yi aiki kuwa: suka riƙa buɗe wa mutane asusu ba da saninsu ba. A 2016 aka ci bankin tarar dala miliyan 185, kafin nan kuma, cikin 'yan shekaru, an kori ma'aikata kusan 5,300. Hukunci ba a rasa shi ba a can, yawa ma ya yi.

Malamar jinya: Ku bar ni in sa baki, don wannan magana ta taɓa ni. Na yi aiki ƙarƙashin wata shugaba da in ka ce ka yi kuskure, gaban kowa za ta tozarta ka. Me muka koya? Ɓoyewa. A ba mara lafiya magani a makare, a rubuta an ba shi kan lokaci. Har yau abin na damuna. Amy Edmondson ta Jami'ar Harvard ta bincika rukunin ma'aikatan asibiti, ta tarar waɗanda suka fi kyakkyawan shugabanci su ne suka fi yawan rahoton kuskuren magani. Ba don sun fi yin kuskure ba, don ba sa tsoron faɗa ne.

Manaja: Hajiya, na ji, kuma na tausaya. Amma malalaci fa? Ki cire masa tsoro, ya miƙe ƙafa, nagari su ɗauki kayansa har su gaji su tafi. Wannan na gani da idona.

Malamar jinya: Ba wanda ya ce a ƙyale shi. Kuskure daban, ganganci daban. Wanda ya yi kuskure ya faɗa, a gyara tare. Wanda ya ɓoye, ko ya maimaita bayan an nuna masa, a hukunta shi, abokan aikinsa ma ba za su tsaya masa ba.

Injiniya: A masana'antar Toyota kowane ma'aikaci na da ikon jan igiya in ya ga matsala, har layin haɗa motoci ya tsaya. Shugaban rukuni ya zo su duba tare. Wannan ɗaukar alhaki ne, amma wanda aka ba na ƙasa a hannunsa.

Dattijo: 'Ya'yana, akwai abin da ban ji an taɓo sosai ba. Wa ke tambayar shugaban? Da aka yi wa Sayyidina Abubakar mubaya'a, ya ce wa jama'a idan ya kyautata su taimake shi, idan ya karkace su daidaita shi. Shi ya fara buɗe ƙofar a kansa. Gyara kayanka ai bai zama sauke mu raba ba. Shugaban da ba ya karɓar gyara, duk abin da ya rubuta a bango ma'aikata za su karanta shi ne a halinsa.

Manaja: Baba, wannan ta shige ni. A wajenmu ni ke tantance kowa a ƙarshen shekara, ba wanda ke tantance ni. Zan kawo maganar a taronmu na gaba. Amma kora ba zan ajiye ta ba, musamman ga wanda ya ɓoye ɓarna.

Malamar jinya: A kan mai ɓoyewa, Yallaɓai, ba mu da saɓani.