Erased: labarin gano mai kisa ne, ko na ceton yarinya?

Nura: Jama'a, na gama manga (labarin zane na Japan) ɗin nan Erased na Kei Sanbe, kundi 8 ɗin duka. Wanda bai karanta ba ya tsallake, don zan tona komai. Ni a ganina an yi masa kirarin da ya fi ƙarfinsa. Labarin bincike ne, amma tun kafin ka kai rabi ka gano mai kisan. To me ya rage?

Hauwa: Haba Nura. Kai dai Yashiro mai kisan kawai ka bi, ka manta da Kayo, yarinyar da ake ƙoƙarin ceto.

Nura: Anti Hauwa, ki ƙirga manyan mazan da ke zagaye da yaran da ake kashewa a 1988. Su nawa ne? Jun Shiratori, wanda tun farko aka nuna mana ƙarya aka ɗora masa har aka yanke masa hukuncin kisa. Saurayin uwar Kayo, wanda muguntarsa a fili take, kowa ya san an ajiye shi ne don a kawar mana da hankali. Sai malamin ajinsu Yashiro, mai fara'a, mai mota, wanda ya san inda kowane yaro yake. Ranar da aka buɗe ɗan akwatin gaban motarsa alawa ta zubo, ai zance ya ƙare.

Bashir: Nan kam Nura ya yi gaskiya. A Detective Conan, wani manga na bincike, sau da yawa mutum uku ake jera maka, kowanne da dalilinsa na kisa. Nan mutum ɗaya ne rak.

Hauwa: Ban musa ba, waɗanda ake zargi sun yi kaɗan. Amma ku tambayi kanku: da kuka gano shi ne, kun ajiye littafin? Tsorona ƙaruwa ya yi. Satoru, jarumin labarin, ɗan shekara 29 ne da ya koma jikinsa na ɗan firamare, shekara 18 baya, don ya hana kisan yara da na mahaifiyarsa Sachiko a 2006. Yana da hankalin babba, amma ba shi da kuɗi, ba mota, ba wanda zai saurare shi. Dole ya nemi babba ya jingina da shi, kuma wa ya samu? Malamin. Kana gani yana kai masa duk shirinsa da bakinsa, kana ta cewa yi shiru yaro, shi bai ji. Da marubucin ya ɓoye Yashiro sosai, da ba mu sha wannan fargabar ba.

Sannan wurin karin kumallon nan. Bayan sun ɓoye Kayo a tsohuwar bas cikin sanyin Hokkaido na arewacin Japan, Satoru ya kawo ta gidansu, Sachiko ta yi mata wanka, da safe ta ajiye mata abinci mai zafi. Yarinyar da ta saba a bar mata 'yan kuɗi ko burodi a kan tebur ta kalli faranti kawai ta fashe da kuka. Ba wani dogon jawabi. Wane labarin bincike ne ya taɓa yi muku haka?

Nura: Wurin ya taɓa ni, ba ƙarya. Amma kin ga da kanki kin fitar da shi daga layin bincike kin kai shi wani wuri.

Malam Sani: Ku bari in sa baki. Ni matsalata ba ta gano Yashiro ba ce, ta komawa baya ce. Da farko an ce minti 1 zuwa 5 Satoru yake komawa baya a lokaci idan wani abu zai faru. Kwatsam sai shekara 18. Kayo ta mutu a yunƙurin farko, sai aka sake mayar da shi. Ba ƙa'ida, sai lokacin da marubuci ya ga dama. A labarin bincike, idan jarumi na da damar sake jarrabawa, kuskurensa ba ya da nauyi.

Hauwa: Malam, ai ya biya. Yashiro ya jefa shi ruwa cikin mota, ya yi shekara 15 a kwance bai san inda yake ba. Ya farka ƙuruciyarsa ta tafi, Kayo ta auri Hiromi ɗan ajinsu har da ɗansu. Uwar Satoru ce ta yi ta jinyarsa duk tsawon shekarun nan.

Bashir: Auren nan har yau yana min ciwo wallahi.

Hauwa: Me ya sa? Ceton ta ya yi, ba kamun ta ya yi ba. Ta zauna jiran mutumin da ba a san ko zai tashi ba?

Malam Sani: Wannan na yarda da ke, marubucin ya yi jarumta a nan. Abin da zan ƙara: wanda katun ɗin 2016 kaɗai ya kalla, kashi 12 ɗin nan, bai kamata ya yanke wa manga hukunci ba. An dunƙule ƙarshen, aka gama a rufin asibiti. A manga an ba Yashiro fili, an nuna yarintarsa da yayansa mai zalunci, da yadda ya koyi ɗora wa wani laifinsa. Tambayar ta tashi daga wane ne ta koma ta yaya za a kama shi, tunda ya canja suna ya zama kansila.

Nura: To a daina tallata shi a matsayin labarin bincike, shi ke nan mu zauna lafiya.

Hauwa: Kai ma ka daina auna shi da mudun Conan.

Bashir: Ni dai tambayata, akwai wanda ya karanta kundi na 9 na ƙari, wanda ke ba da labarin su Kayo da Kenya abokin Satoru lokacin da Satoru ke kwance? Ya cancanci in ƙona data a kansa?