Neman shawara: a ina ake ajiye "quoque" a jimlar Latin?

Ɗalibar Shari'a: Assalamu alaikum 'yan uwa. Wata huɗu ke nan ina koyon Latin, don na gaji da haddar ƙa'idojin lauyoyi kamar aku, ban san abin da ke cikinsu ba. To ga wata 'yar kalma ta tsaya mini a wuya, wato quoque. Na rubuta "Quoque puella aquam portat", mai duba mini aiki ya ja jan biro. Na mayar da ita ƙarshen jimla, ya ce ba abin da ake nufi ba ke nan. Ƙamus kuma ya ce ita da etiam duk bayanau ne masu ma'ana ɗaya. Don Allah ina mazauninta?

Tsohon Ticha: Wa alaikumus salam 'yata. Ta Turanci kike bi, shi ya sa kike ɓata. Quoque (kwokwe ake furtawa) ita ce "ma" ɗinmu ta Hausa sak. Kin taɓa jin Bahaushe ya ce "ma ni zan je"? Sai dai "ni ma". Haka take, ba ta buɗe jimla, kullum tana bin bayan kalmar da ake ƙarawa.

Puella quoque aquam portat: yarinyar ma tana ɗauke da ruwa, wato akwai wasu masu ɗauka.
Puella aquam quoque portat: ruwa ma tana ɗauke da shi, bayan itace ko wani abin.

Da kika kai ta ƙarshe, jimlar ba ta karye ba, sai dai kin jingina ta da aikatau, ya zama ɗaukar ce ƙarin: ba ɗiba kaɗai take yi ba, ɗauka ma tana yi. Ki fara faɗin maganar da Hausa, inda "ma" ta sauka nan za ki sa ta.

Ɗan Damagaram: Malam ya gama magana. Mu nan da muka yi boko da Faransanci, da "Tu quoque, mi fili" muka san ta, "kai ma, ɗana?", abin da ake cewa Julius Caesar, shugaban Rumawa, ya faɗa wa Brutus, ɗaya daga cikin waɗanda suka kashe shi, ranar kisan, 15 ga Maris, shekara ta 44 kafin haihuwar Annabi Isa. Ko da yake Suetonius, marubucin tarihin Rumawa, ya ce da Girkanci aka ruwaito maganar. Ke da za ki zama lauya, tu quoque kuma sunan gurguwar hujjar nan ce, a kama mutum da laifi ya ce "ai kai ma kana yi".

Maman Biyu: Ƙanwata, kada ƙamus ya ruɗe ki, etiam ba tagwayenta ba ce. Ita galibi gaba take shiga, kuma ta fi kusa da "har". Etiam puella aquam portat, har yarinya ta ɗauki ruwa, da ɗan mamaki a ciki. Ita za ki yi ta gani a non solum... sed etiam, "ba kaza kaɗai ba, har da kaza". Wani wurin ma "har yanzu" take nufi.

Ɗalibar Shari'a: Kai, Allah ya saka da alheri, yanzu ta zauna! To Malam, in korewa ce fa? "Ni ma ban zo ba", ego quoque non veni?

Tsohon Ticha: Za a gane ki, amma Rumawa sun fi son ne... quidem, su sa kalmar a tsakiya. Ne ego quidem veni, ni ma ban zo ba. Ne unus quidem venit, ko ɗaya bai zo ba.

Sai tarko guda. Akwai wata quoque mai dogon "o", daga quisque take, ma'anarta "kowane". Rubutunsu ɗaya a yawancin littattafai. In kin ga quinto quoque anno, ba "shekara ta biyar ma" ba ce, "kowace shekara ta biyar" ce. Ni kaina na sha ƙasa a nan ina saurayi, gaban aji kuwa.

Ɗalibar Shari'a: Na rubuta wannan da jan biro, nawa na kaina. Bari in gyara aikin in turo muku da daddare.